Kujerar Mata A Majalisar Ikilisiyoyin Duniya

Ran 3 ga watan Oktoba na 2025 labari ya fito daga Landan cewa an zaɓi wata mata, Sarah Mullally, ta zama Babban Bishop na Kantabari, watau shugaban limaman Ikilisiyar Ingila, wanda kuma Kirista 'yan Angilika na ƙasashen duniya su ke ɗauka tamkar babban wansu. Maza 105 ne suka zauna kan wannan kujera kafin ta, cikin shekara fiye da 1,400. Ita kuwa asalin sana'arta jiyya ce, har ta riƙe shugabancin ma'aikatan jiyya na Ingila duka, sa'an nan ta koma aikin ikilisiya ɗungum, ta zama Bishop na Landan cikin 2018. Ba a yi kwana da yawa ba sai shugaban 'yan Angilika na Nijeriya, Babban Bishop Henry Ndukuba, ya fitar da takarda ya ce ikilisiyarsa ba ta yi na'am da wannan zaɓe ba. Dalili biyu ya kawo. Na ɗaya, yawancin 'yan Angilika ba su yarda mace ta zama bishop ba. Na biyu, ita matar tana goyon bayan a sa wa masu zaman jinsi ɗaya albarka a majami'a.

Dalili na biyu magana ce dabam, ba ita za mu bi ba yau. Na farkon shi mu ke so mu duba, don kuwa tsohuwar gardama ce, kuma wurin da aka fi yin ta shi ne Majalisar Ikilisiyoyin Duniya, wadda ofishinta ke Janiba a ƙasar Suwizalan. Mai karatu ya iya cewa ina ruwanmu da gardamar da a ke yi a Janiba? To, Ikilisiyar Angilika ta Nijeriya tana cikin Majalisar nan, haka Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya mai hedkwata a Kwarhi kusa da Mubi, kuma mutanensu maƙwabtanmu ne, abokan aikinmu a ofis da makaranta. Har wa yau, duk wanda ya ke so ya san yadda a ke sauya hali a cikin babbar ƙungiya wadda ba ta da ikon tilasta wa kowa, zai sami abin lura a nan.

An kafa Majalisar a birnin Amstadam na ƙasar Holan cikin watan Agusta na 1948, sa'ad da wakilan ikilisiyoyi 147 daga ƙasashe 44 suka taru, bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya bar Turai a rushe. Nufinsu shi ne su ɗinke ɓarakar da ta raba Kirista ɗariƙa ɗariƙa tun ƙarnuka da yawa. 'Yan Katolika ba su shiga ba, har yanzu kuma ba su cikinta, ko da ya ke tun 1968 malamansu suna zama a kwamitin da ke binciken aƙida. Yau ikilisiyoyin da ke cikin Majalisar sun wuce 350. Abin da ya wajaba mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, Majalisar ba ta mulkin kowa. Tsarin mulkinta ya hana ta yi wa ikilisiyoyi doka, kuma cikin 1950 a birnin Toronto na Kanada aka sake bayyana cewa ita ba uwar ikilisiyoyi ba ce, zaure ce kawai inda a ke haɗuwa a yi shawara. Kowane bishop in ya koma gida, sai abin da shi da mutanensa suka ga dama.

Maganar mata kuwa ta riga Majalisar haihuwa. Cikin 1946 wata Ba'amurkiya, Twila Cavert, ta ga ana ta tattara bayani a kan kowane sha'ani don shirin babban taro, amma ba wanda ya tambayi halin da mata ke ciki a ikilisiya. Ta matsa har aka aika da takardun tambaya, amsa kuwa ta zo daga ƙasashe 58. Wata Baturiyar Ingila, Kathleen Bliss, ta harhaɗa amsoshin ta yi littafi cikin 1952. Abin da ya fito fili shi ne abin da kowa ya sani amma ba a taɓa rubuta shi ba: mata ne suka fi cika majami'a, su ne ke koyar da yara, su ne ke jiyyar marasa lafiya, su ne ke tara kuɗin aikin mishan, amma in an zo wurin yanke shawara ko kashe kuɗin nan, sai a neme su a rasa. A taron Amstadam ɗin kansa mata shida ne kaɗai cikin kowane wakili ɗari.

Wadda ta miƙe ta karanta rahoton mata gaban taron ba Baturiya ba ce. Sarah Chakko ce, mutuniyar Indiya, shugabar wata kwalejin mata a birnin Lucknow, kuma 'yar Ikilisiyar Otodoks ta Suriyawa, ɗaya daga cikin tsofaffin ikilisiyoyin duniya. Ta gaya musu cewa matsayin mata damuwar ikilisiya ce gaba ɗaya, ba a bar wa mata su kaɗai ba. A ɗakin shawara matan suka yi karo da Karl Barth, wanda a zamanin nan ba wani malamin tauhidi na Furotesta da ya kai shi suna. Matan suna kafa hujja da wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Galatiyawa, inda ya daidaita namiji da mace a cikin bangaskiya. Barth ya ce su karanta sauran wasiƙun Bulus ɗin, inda ya sa miji gaba da mata. Gardamar da aka yi a ɗakin nan ita ce a ke yi har yau, ayoyin ma ba su sake ba. Cikin 1951, da T. C. Chao na ƙasar Sin ya ajiye muƙaminsa saboda abin da Majalisar ta faɗa a kan Yaƙin Koriya, sai aka sa Sarah Chakko a gurbinsa, ta zama mace ta fari cikin shugabannin Majalisar. Ba ta daɗe ba ta rasu, cikin 1954.

Daga nan sai aka shiga ƙidayar kujeru. Majalisar tana yin Babban Taro kamar kowace shekara bakwai ko takwas, kuma a kowane taro mata suna ƙirga kansu. A Uppsala ta ƙasar Suwidin cikin 1968 sun kai tara cikin ɗari, watau cikin shekara ashirin uku kawai suka ƙaru. Abin ya fusata su. Brigalia Bam ta Afirka ta Kudu, wadda ke riƙe da ofishin mata a Janiba, ta kira taro a Balin cikin 1974, inda aka fito ƙarara aka ce wariyar da a ke yi wa mata 'yar'uwar wariyar launin fata ce. Wannan kalma ta yi nauyi, domin a lokacin Majalisar ta sa ƙarfinta duka wajen yaƙi da mulkin wariya na ƙasar su Brigalia Bam, ba ta kuwa da bakin da za ta la'anci ɗaya ta kau da kai ga ɗaya. Da aka taru a Nairobi cikin 1975 mata suka kai 22 cikin ɗari, aka kuma zaɓi Annie Jiagge, alƙaliya daga Gana, cikin shugabanni. A Bankuba ta Kanada cikin 1983 sun kai wajen 30, a Kanbera ta Ostareliya cikin 1991 suka kai 35, a Harare cikin 1998 suka kai 38.

Wanda ya dubi waɗannan alƙaluma zai ce aiki ya yi kyau, kuma lalle ya yi. Amma sai a tambaya, yaya aka yi suka hau? Ba don ikilisiyoyi sun sake ra'ayi ba ne a gida. Ofishin Janiba ne ya riƙa aika wa kowace ikilisiya cewa in an ba ta kujera kaza, to, kaza daga ciki na mata ne, in kuma lissafi bai cika ba sai a cike gibin da kujerun da Babban Kwamiti ke da ikon rabawa. Saboda haka akan sami mace tana zaune a babban zauren duniya tana jefa ƙuri'a daidai da bishop ɗinta, amma in sun koma gida ba ta da izinin shiga majalisar dattawan majami'ar ƙauyensu. Duk akawun da ya taɓa cika fom don ya gamsar da babban ofis ya san irin wannan aiki. Takarda ta yi kyau, abin da ke ƙasa kuwa yana nan yadda ya ke.

Cikin 1981 aka gwada a tafi gaba da haka. Bayan binciken shekara uku a kan zaman mata da maza a ikilisiya, aka yi taro a Sheffield ta Ingila, aka kawo shawara gaban Babban Kwamiti a Dresden ta Jamus cewa a raba kujerun Majalisar biyu daidai, rabi maza rabi mata. Zaman ya yi zafi ƙwarai. Wakilan Otodoks suka ce ana so a shigo musu da naɗa mata limanci ta ƙofar baya. A ƙarshe aka amince cewa daidaito buri ne da za a nufa a hankali, ba a mai da shi doka ba.

Nan ne asalin ƙullin ya ke, ya kamata mu tsaya a kansa. 'Yan Otodoks, watau ikilisiyoyin Girka da Rasha da Habasha da Kibɗawan Masar da sauransu, babban rukuni ne a Majalisar, musamman tun 1961 da ta Rasha ta shigo. A wurinsu limami yana tsayawa ne a madadin Almasihu, manzanni goma sha biyu duka maza ne, kuma abin da magabata suka bi shekara dubu biyu ba taron ƙuri'a ne zai rushe shi ba. Haka 'yan Katolika suka tsaya, har cikin 1994 Fafaroma John Paul na Biyu ya rubuta cewa ikilisiya ba ta da ikon naɗa mata, a rufe maganar. A ɗaya gefen kuwa, 'yan Luta na Denmak sun naɗa mata tun 1948, na Suwidin cikin 1960. Tun ma kafin su, cikin 1944, Bishop na Hon Kon ya naɗa Florence Li Tim-Oi don yaƙi ya hana limamai maza isa Makau, ko da ya ke bayan yaƙin aka matsa har ta ajiye izinin aikin. Ikilisiyar Ingila ta jefa ƙuri'a cikin 1992, ta naɗa mata 32 na fari a Bristol cikin 1994, ta yi bishop mace cikin 2015. Majalisar da aka kafa don ta haɗa waɗannan duka sai ta ga kowane taki da ta yi wajen mata yana nisanta ta da rabin 'ya'yanta.

Ruwa ba ya tsami banza. A Kanbera cikin 1991 wata malama 'yar Koriya, Chung Hyun Kyung, ta hau dandamali da makaɗa, ta yi jawabi tana kiran ruhohin waɗanda aka zalunta. Waɗansu suka yi ta tafi, 'yan Otodoks kuwa suka ce wannan ya fita daga addini. Ikilisiyar Jojiya ta fice daga Majalisar cikin 1997, ta Bulgeriya ta bi ta cikin 1998. Ba maganar mata kaɗai ta fitar da su ba, amma tana cikin ƙorafin. Don kada sauran su bi, aka kafa kwamiti na musamman, wanda ya kawo rahoto cikin 2002. Aka bar yanke shawara da rinjayen ƙuri'a, aka koma sai baki ya zo ɗaya, aka kuma sake tsarin addu'ar tarayya yadda ba wanda za a sa ya ji kamar ya amince da limancin da ikilisiyarsa ba ta yarda da shi ba. Wata bishop mace ta Hanoba a Jamus, Margot Kässmann, ta ajiye kujerarta ta Babban Kwamiti a shekarar don nuna rashin yarda.

A ganinmu, kowane gefe yana da abin da ya ke tsoro, kuma tsoron na gaskiya ne. Ba daidai ba ne a ce 'yan Otodoks ƙin mata su ke yi, don abin da su ke karewa a wurinsu amana ce da suka gada. Amma kuma ba za mu ɓoye ba, tsarin sai baki ya zo ɗaya yana ba wanda ba ya son canji ƙarfi fiye da wanda ke so, tun da ya ke shi ƙin yarda kawai zai yi magana ta tsaya. An sayi zaman lafiyar Majalisar, kuma wani kashi na kuɗin daga aljihun mata ya fito.

Inda mu ke ganin matan suka ci riba ta ainihi wani wuri ne dabam. Ranar Ista ta 1988 Majalisar ta buɗe abin da ta kira Shekara Goma na ikilisiyoyi su tsaya tare da mata. Cikin masu tura wannan aiki akwai Mercy Amba Oduyoye, mutuniyar Gana wadda ta koyar a Jami'ar Ibadan, ta kuma zama mataimakiyar Babban Magatakarda daga 1987 zuwa 1994. Da aka kai tsakiyar shekarun sai aka ga shiru, aka aika da tawaga 75 suka zaga ikilisiyoyi wajen 330 da ƙungiyoyin mata wajen 650, su gani da ido. Abin da suka tarar ya ba shugabanni kunya. Ko'ina suka je, Turai da Afirka da Asiya da Amurka, magana ɗaya ce ta fi fitowa daga bakin mata, ba kuwa ta limanci ba ce: duka a gidan aure, da fyaɗe, da lalata da waɗansu limamai ke yi da waɗanda suka zo neman taimako, da kuma yadda in mace ta kai kuka sai a ce ta yi haƙuri ta koma ɗakinta. Shugabanni da yawa suka ce wa tawagar ai su babu irin wannan a ikilisiyarsu, alhali matansu sun riga sun faɗa a wani ɗaki. Har aka riƙa cewa shekara goman nan ta zama ta mata su tsaya tare da mata, maza ba su zo ba.

A ƙarshen watan Nuwamba na 1998, kafin Babban Taro, mata fiye da 1,000 suka taru a Harare. Daga kowane sashe na duniya aka kawo ruwa aka zuba a babban kasko ɗaya, alamar hawaye, sa'an nan suka rubuta wa taron wasiƙa suna neman a bayyana cewa cin zarafin mata zunubi ne. Mai karatu ya lura da hikimar wannan. A kan limanci kowace ikilisiya tana da ayar da za ta fake da ita, amma ba bishop ɗin da zai miƙe gaban jama'a ya kare mai dukan matarsa. Daga cikin aikin shekarun nan ne al'adar sa baƙaƙen tufafi kowace ranar Alhamis ta bazu, don nuna ƙin fyaɗe da duka, an kuwa ɗauko ranar daga iyaye matan ƙasar Ajantina waɗanda ke taruwa kowace Alhamis suna neman 'ya'yansu da sojoji suka ɓatar. Wannan magana ba ta da nisa da mu. 'Yan makaranta 276 da aka sace a Chibok cikin watan Afrilu na 2014, yawancinsu 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa ne, kuma duk wanda ya zauna a ƙasashen Adamawa ko kudancin Barno ya san irin nauyin da Zumuntar Mata ke ɗauka a majami'u, daga waƙa har zuwa ciyar da gwauraye da marayu.

Akwai masu cewa wannan duka ra'ayin Turawa ne da a ke so a ɗora wa Afirka. Sunayen da muka ambata sun isa amsa: Chakko daga Indiya, Bam daga Afirka ta Kudu, Jiagge da Oduyoye daga Gana. Cikin 1989 Oduyoye ta tara mata malaman tauhidi na Afirka a Akara suka kafa ƙungiyarsu, don su rubuta nasu littattafai da kansu. A taron Busan na Koriya cikin 2013 aka zaɓi Agnes Abuom ta Kenya ta shugabanci Babban Kwamiti, mace ta fari kuma 'yar Afirka ta fari, ba ta kuwa da naɗin limanci ko kaɗan. Ta riƙe har 2022, ta rasu cikin 2023. A cikin 'yan Angilika na Afirka ma baki bai zo ɗaya ba. Swazilan, wadda yanzu a ke kira Eswatini, ta yi bishop mace, Ellinah Wamukoya, cikin 2012, kafin Ingila. Kenya ta naɗa biyu cikin 2021, ko da ya ke tana sahu ɗaya da Nijeriya a rigimar da a ke yi da Kantabari. Ita Nijeriya ce ba ta naɗa mata limanci. Saboda haka in aka ce Afirka ta ƙi, sai a tambaya, wace Afirka?

Ko a gidan 'yan Otodoks an ga motsi, kuma daga Afirka ya fito. Tun 1988, a wani taro a tsibirin Rodos, malamansu suka yarda cewa a farkon zamani akwai dikon mata, watau mataimakan limami, kuma ya halatta a maido da su. Maganar ta kwanta shekara da shekaru. Sai cikin watan Mayu na 2024, a Harare, babban limamin Zimbabwe wanda ke ƙarƙashin Iskandariya ya naɗa wata mata, Angelic Molen, dikon. Ba limanci ba ne, kuma waɗansu 'yan Otodoks sun yi suka, amma an yi shi a gaban bagadi.

A Janiba kuwa, cikin 2022 Babban Kwamiti ya amince da rubutattun ƙa'idodi na yi wa mata da maza adalci a ayyukan Majalisar. Ƙa'idodin suna ɗaure ma'aikatanta da kwamitocinta, ikilisiyoyi kuwa sai dai a roƙe su. A watan Yuni na wannan shekarar aka zo zaɓen Babban Magatakarda, wanda shi ne mai riƙe da ofis da ma'aikata da kuɗi. Mutum biyu suka rage a ƙarshe: Jerry Pillay, fasto daga Afirka ta Kudu, da Elizabeth Joy, 'yar Otodoks daga Indiya, ƙasar Sarah Chakko, mace ta fari da ta taɓa kai wannan mataki. Aka jefa ƙuri'a, Pillay ya ci, ya kama aiki cikin Janairu na 2023. Tun daga Visser 't Hooft na Holan cikin 1948 har zuwa kansa, duk waɗanda suka zauna kan wannan kujera maza ne.